Kumburin Ƙananan Hanyoyin Iska a Huhun Jarirai: Darasi Kan Rage Gwaji da Magani Marasa Amfani

Gabatarwa

Sau da yawa uwa takan kai ɗanta ɗan wata huɗu asibiti bayan ya kwana uku yana mura. Tari ya tsananta, numfashi ya ƙaru, nono ma ba ya iya kamawa sosai, ko da yake jikinsa bai yi zafi ba. Likita ya kwance masa riga, ya ƙirga numfashinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsan ƙafa, sannan ya ce a ba shi gado. A kwana biyu ana share masa hanci, ana ba shi nonon uwarsa ta siririyar roba, ana sa masa iskar oksijin. Ba hoton ƙirji, ba ɗibar jini, ba allura ko ɗaya. 'Yan dubiya su yi ta guna-guni cewa an yi watsi da yaro.

A haƙiƙa wannan likita ya yi aiki da abin da binciken shekaru da dama ya tabbatar game da cutar da ake kira burankiyolaitis, wato kumburin ƙananan hanyoyin iska na huhu. Wannan darasi zai bayyana yadda cutar take, da dalilin da ya sa manyan asibitocin duniya suke ƙoƙarin rage gwaje-gwaje da magungunan da ake yi wa jariran da ta kwantar, da kuma inda ya wajaba a yi hattara.

Tsarin hanyoyin iska

Hanyoyin iska na jikin ɗan Adam sun yi kama da bishiyar da aka juya kanta ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin bishiyar. Ya rabu gida biyu, reshe ɗaya ya shiga huhun dama, ɗaya ya shiga na hagu. Kowane reshe ya yi ta rarrabuwa fiye da sau 20, yana ƙara sirancewa, har a kai ga 'yan rassan da faɗinsu bai wuce milimita 1 ba. Waɗannan su ne ƙananan hanyoyin iska. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkunan iska, inda oksijin ke ratsawa ya shiga jini.

A shekarun 1840 wani masani Bafaranshe mai suna Poiseuille ya gano wata ƙa'ida game da gudanar ruwa a cikin siririn bututu, wadda ta shafi iska ma idan tana tafiya a natse. Ƙa'idar ta nuna cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, wahalar wucewa ta cikinsa takan ƙaru sau 16, wato 2 × 2 × 2 × 2. A ɗauki misalin bututu biyu. Na farko faɗinsa milimita 8, na biyu milimita 4. Idan bangon kowannensu ya kumbura da milimita 1 ta kowane gefe, na farko zai koma milimita 6, wahalar wucewar iska ta ƙaru kusan sau 3. Na biyu kuwa zai koma milimita 2, wahalar ta ƙaru sau 16. Wannan lissafi ne ya bayyana dalilin da ya sa ƙwayar cutar da ke sa wa babba mura kawai takan kwantar da jariri.

Ƙwayar da ke haddasa cutar

Ƙwayoyin bairos ne ke kawo wannan cuta, kuma babbarsu ita ce wadda ake kira RSV. An fara gano ta a shekarar 1956 a Amurka, a jikin wasu birai nau'in cimfanzi da mura ta kama a ɗakin bincike. A 1957 Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai masu ciwon huhu a birnin Baltimore. Sunanta ya samo asali ne daga halinta na sa ƙwayoyin halittar da ta kama su manne da juna su zama dunƙule ɗaya babba. Kusan kowane yaro yakan kamu da ita kafin ya cika shekara 2.

Wani ƙiyasi da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 RSV ta haddasa ciwon huhu sau miliyan 33 a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Kimanin miliyan 3.6 aka kwantar a asibiti, kuma sama da 100,000 suka rasu. Fiye da kashi 97 cikin 100 na waɗanda suka rasu 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da masu matsakaicin ƙarfi. A ƙasashen sanyi cutar takan yi yawa da hunturu, a Gambiya kuwa an lura takan ɓarke ne da damina.

Idan ƙwayar ta sauka cikin ƙananan hanyoyin iska, sai ta kashe ƙwayoyin halittar da suka yi musu shimfiɗa, masu ɗauke da 'yan gashin da ke share majina zuwa sama. Bango ya kumbura, matattun ƙwayoyin halitta su gauraya da majina su toshe hanya. Iska ta shiga da ƙyar, ta fita da ƙyar, ana jin sauti kamar fito. Ciwon yakan fara da mura, ya kai ƙololuwarsa tsakanin kwana na 3 da na 5, sannan ya soma sauƙi da kansa. Tarin yakan daɗe, amma a cikin yara 10, 9 sukan rabu da shi cikin mako 3. Mafi yawan yara a gida suke warkewa. Waɗanda ya fi yi wa illa su ne bakwaini, da 'yan ƙasa da wata 3, da masu ciwon zuciya na haihuwa, da masu raunin garkuwar jiki.

Hoton ƙirji da gwajin jini

Likita yakan gane wannan cuta ta hanyar tambayar uwa da duba yaro. Duk da haka, an daɗe ana ɗaukar hoton ƙirjin irin waɗannan jarirai don gudun kada nimoniya ta ɓoye. Matsalar ita ce, wurin da majina ta toshe iska ta daina shiga yakan bayyana a hoto da farin tabo mai kama da na nimoniya.

A birnin Toronto na Kanada, Suzanne Schuh da abokan aikinta sun ɗauki hoton jarirai 265 masu alamun cutar na yau da kullum, suka buga sakamakon a 2007. A cikin hotunan nan duka, 2 kawai suka nuna wani abin da ya saɓa wa burankiyolaitis. Abin lura kuma shi ne, kafin ganin hoto likitoci sun yi niyyar ba yara 7 ne antibayotik, bayan ganin hoto adadin ya koma 39. Tun kafin wannan, a 1998, an buga wani bincike na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu kan yara 522 masu tari da saurin numfashi. An ɗauki hoton wasu, an bar wasu. Lokacin warkewar ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, wato kwana 7, sai dai waɗanda aka ɗauka hoto sun fi shan antibayotik.

Ke nan hoton bai ƙara wa yaro lafiya ba. Ya jawo masa maganin da ba ya buƙata, ya sa masa tururin hoto a jiki, ya ci kuɗin iyayensa. Haka gwajin jini yake. Ƙirgen fararen ƙwayoyin jini ba ya bambance bairos da bakteriya bambancin da za a dogara da shi, alhali jariri ya sha sukar allura.

Magungunan da aka jarraba

Na farko shi ne antibayotik. Finisilin da danginta suna aiki ne ta hanyar rusa bangon ƙwayar bakteriya, wasu kuma su hana ta ƙera furotin. Bairos ba shi da irin wannan bango, kuma ba shi da masana'antar furotin ta kansa, ta ƙwayar halittar yaron yake amfani da ita. Saboda haka maganin ba ya samun abin da zai kama. Sai dai yakan kashe bakteriya masu amfani da ke cikin hanjin jariri, ya kawo gudawa ko ƙuraje, ya kuma horar da bakteriyar da suka tsira su daina jin magani. Alexander Fleming, wanda ya gano finisilin, ya yi gargaɗi kan wannan tun 1945. An ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya marasa jin magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Na biyu shi ne salbutamol, maganin asma da ake shaƙa. Tun da jariri yana fito kamar mai asma, sai a zaci maganin asma zai yi masa. Amma a asma tsokar da ta kewaye hanyar iska ce take tsukewa, salbutamol kuma ya sassauta ta. A burankiyolaitis hanyar ta cushe ne da majina da matattun ƙwayoyin halitta, kuma sassauta tsoka ba ya kawar da tarkace. Da aka tattara binciken da aka yi, an ga maganin bai rage kwanakin asibiti ba. Abin da yake yi shi ne ƙara bugun zuciya da sa rawar jiki.

Na uku su ne magungunan rage kumburi da ake kira siteroyid. A 2007 aka buga binciken jarirai 600 a asibitoci 20 na Amurka. An ba rabinsu maganin deksametazon, aka ba sauran abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, kuma likitoci da iyaye ba su san wanda ya sha wane ba. Kimanin kashi 40 cikin 100 aka kwantar a kowane ɓangare. Bubbuga ƙirjin jariri don fitar da majina shi ma an jarraba shi, ba a ga amfaninsa ba.

Waɗannan sakamako ne suka sa Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da jagora a 2006, ta sabunta shi a 2014, inda ta ce a bar waɗannan magunguna ga jariri mai burankiyolaitis, a kuma bar yin hoto da gwajin jini sai da dalili. Hukumar NICE ta Ingila ta fitar da makamancinsa a 2015.

Darasin na'urar awon oksijin

'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1970, tana haska jan haske ta cikin fata ta auna yawan oksijin da jini ke ɗauke da shi. Amfaninta babba ne. To amma ita ma an gano tana iya tsare yaro a asibiti ba gaira ba dalili.

Schuh ta sake yin wani gwaji mai ban sha'awa da aka buga a 2014. An raba jarirai 213 gida biyu. A ɓangare ɗaya na'urar tana nuna lambar gaskiya. A ɗaya ɓangaren an gyara ta ta riƙa ƙara 3 a kan lambar gaskiya. A ɓangaren farko an kwantar da kashi 41 cikin 100, a na biyu kashi 25 cikin 100, kuma ba a ga ƙarin illa ga waɗanda aka sallama ba. Wato lamba ce take yanke hukunci fiye da halin da yaro yake ciki. A 2015 wani bincike na Birtaniya kan jarirai 615 ya nuna cewa idan aka ɗauki 90 a matsayin ma'aunin ba da oksijin, sakamakon ya yi daidai da na ɗaukar 94, kuma yara sun fi saurin komawa gida. Jariri yakan ɗan yi ƙasa na 'yan daƙiƙu idan yana barci, ko ya motsa ƙafa na'ura ta yi kuskure. Idan an bar ta a jikinsa dare da rana, duk ƙarar da ta yi sai ta tsorata uwa da ma'aikata. Shi ya sa aka ba da shawarar a riƙa aunawa lokaci-lokaci ga yaron da aka cire wa oksijin.

Abin da jariri yake buƙata

Kulawar da ta tabbata tana da amfani iri uku ce. Ta farko iska: a ba da oksijin idan ya yi ƙasa. Ta biyu ruwa da abinci: jaririn da ke numfashi sau 60 ko 70 a minti ba ya iya tsotso da haɗiya yadda ya kamata, don haka a shayar da shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan ya kasa, a ba shi nono ta robar hanci ko a yi masa ƙarin ruwa. Binciken jarirai 759 a Ostireliya da Niyu Zilan, wanda aka buga a 2013, ya nuna hanyoyin biyu sun zo ɗaya wajen kwanakin asibiti, amma robar hanci ta fi sauƙin sakawa. Ta uku share hanci a hankali kafin shayarwa, domin jariri ƙarami ta hanci ya fi yin numfashi. Bayan waɗannan sai sa ido. Ma'aikaciyar jinya da ke ƙirga numfashi da lura da shan nono ita ce ginshiƙin jinyar wannan cuta.

Me ya sa al'adar ta ƙi mutuwa?

Fitar da jagora daban, canza hali daban. Likita yana tsoron kada wani abu ya kuɓuce masa. Iyaye suna ganin wanda bai rubuta magani ba bai san aikinsa ba. Akwai kuma ruɗin da yanayin cutar ke jawowa. Yawanci ana kawo yaro ne a kwana na 3 ko na 4, lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa. Duk abin da aka ba shi a ranar, idan sauƙi ya zo a kwana na 6, shi za a yaba wa. Maganin wannan ruɗi shi ne gwaji mai ɓangare biyu, a ba wasu a hana wasu, sannan a kwatanta.

A 2012 aka soma wani gangami a Amurka mai suna Choosing Wisely, ma'ana zaɓe da hikima, inda ƙungiyoyin likitoci suka jera abubuwan da ya kamata a rage. Jerin da likitocin yara na asibiti suka fitar a 2013 ya ambaci hoton ƙirji, da maganin asma, da siteroyid, da barin na'urar oksijin a jiki kullum. A 2021 kuma aka buga wani gwaji na asibitoci 26 a Ostireliya da Niyu Zilan. A rabin asibitocin an naɗa likita da ma'aikacin jinya su jagoranci aikin, an horar da ma'aikata, an ba iyaye takardun bayani, ana kuma nuna wa ma'aikata alƙaluman aikinsu a kai a kai. Sauran an aika musu jagora kawai. A ɓangaren farko kashi 85 cikin 100 na jarirai aka yi jinyarsu ba tare da hoto ko waɗancan magunguna ba, a na biyu kashi 73.

Inda ya wajaba a yi hattara

Kada mai karatu ya ɗauki wannan darasi a matsayin izinin ƙin magani. Yawancin binciken nan an yi shi ne a ƙasashen da likita ke duba kowane yaro, ga oksijin a kusa. A Nijeriya da Nijar nimoniyar bakteriya tana kashe yara da yawa, kuma ita da burankiyolaitis suna kama da juna a ido. Wani babban bincike a ƙasashe 7, ciki har da Mali da Gambiya, wanda aka buga a 2019, ya danganta kusan kashi 31 cikin 100 na ciwon huhu mai tsanani da RSV, amma bakteriya ma suna da kaso mai tsoka. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su ƙirga numfashi: sau 60 ko fiye a minti ga ɗan ƙasa da wata 2, sau 50 daga wata 2 zuwa 11, sau 40 daga shekara 1 zuwa 5. Inda ba a iya bambance cututtukan biyu, ba da amoksisilin ga mai saurin numfashi daidai ne, ya kuma ceci rayuka. Haka nan gwajin zazzaɓin cizon sauro ga yaro mai zafin jiki wajibi ne a waɗannan ƙasashe, kuma ɗan ƙasa da wata 2 mai zazzaɓi yana buƙatar cikakken bincike.

Ɓarnar da ta fi yawa a nan ita ce sayen antibayotik da maganin tari a kemis don murar jariri, da matsa wa ma'aikaci sai ya yi allura. Garin neman ƙiba akan samo rama. A garzaya asibiti idan ƙasan ƙirjin yaro yana faɗawa ciki, ko ya kasa kama nono, ko yana nishi, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi, ko numfashinsa yana ɗaukewa, ko ya yi laƙwas, ko ya yini bai yi fitsari ba.

Rigakafi

RSV tana yaɗuwa ta tari da atishawa da hannu, kuma takan yi awoyi a raye a kan kayan ɗaki. Wanke hannu da sabulu kafin ɗaukar jariri, da nisanta shi daga mai mura, da kare shi daga hayaƙin taba da na itace, da shayar da nono zalla na wata 6, duk suna rage haɗari. Neman allurar rigakafinta ya ɗauki lokaci mai tsawo, domin wadda aka jarraba a Amurka a shekarun 1960 ta ƙara tsananta cutar, har yara 2 suka rasu. A 2022 Tarayyar Turai ta amince da allurar nirsevimab da ake yi wa jariri sau ɗaya. A 2023 aka amince da allurar da ake yi wa mai ciki, garkuwar ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗanta. A 2024 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba ƙasashe shawarar amfani da su.

Kammalawa

An ga cewa burankiyolaitis cuta ce ta bairos, mai toshe ƙananan hanyoyin iska, mai warkewa da kanta idan an taimaki jariri da iska da abinci. An ga kuma cewa kowane gwaji da kowane magani yana da farashi a jikin yaro da aljihun iyayensa. Tambayar da likita nagari yake yi kafin ya rubuta gwaji ita ce ko sakamakon zai canza abin da za a yi wa yaron. Idan ba zai canza ba, barinsa ya fi.

Tambayoyi don ɗalibai

1. Idan faɗin bututu ya ragu daga milimita 3 zuwa milimita 1, sau nawa wahalar wucewar iska za ta ƙaru?
2. Bayyana dalilin da ya sa salbutamol ke aiki a asma amma ba ya aiki a burankiyolaitis.
3. Me ya sa aka ba rabin jariran binciken 2007 abin da ba magani ba ne?
4. Da agogo mai nuna daƙiƙa, ƙirga numfashin wani ƙaramin yaro a gida yana barci na minti 1 cikakke, ka kwatanta da naka.